Ɗaliban ƙanina a Gambiya sun sa wa ƙwarangwal hularsa: ya kai ƙara ko ya ƙyale?

Mai tambaya, Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Shawara nake nema a kan ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a ƙasar Gambiya. Ya tafi ne a ƙarƙashin shirin TAC, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1987 domin tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karebiyan da Fasifik, su yi aikin shekara biyu su dawo gida. Yanzu watansa biyar a can. Koyarwar ba ta ba shi wahala ba, domin Gambiya tana cikin ƙasashe biyar masu rubuta jarrabawar WAEC, tare da Najeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya, saboda haka abin da ya saba koyarwa a nan shi ya tarar a can. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wasan da ɗaliban aji guda suke yi masa.

A makon farko, kafin a ba shi rajistar ajin, ya ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa. Duk namijin da ya miƙe sai ya ce Lamin, duk macen da ta miƙe sai ta ce Fatu. Da yake sunayen nan biyu suna da yawa ƙwarai a ƙasar, kwana uku ya yi yana kiran aji guda da suna biyu. Bayan haka ya roƙe su su koya masa gaisuwar girmamawa da harshen Wolof domin ya gaida shugaban makaranta, sai suka koya masa yadda ake cewa "ina jin yunwa". Ya je ya faɗa a ofishin malamai a gaban kowa, shugaban ya yi dariya, da rana kuma ya sa aka kawo masa shinkafa da miyar gyaɗar nan tasu da suke kira domoda. Na uku, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur zai yi alwalar azahar, ya dawo bai gan ta ba. Washegari ya tarar da ita a ɗakin gwaje-gwaje, an kafa wa ƙwarangwal ɗin roba da ake koyar da ƙasusuwa da shi, har an karya ta daidai yadda yake karya tasa.

Duk waɗannan da dariya ya ba ni labarinsu. Amma makon jiya sun sa macijin roba a aljihun teburinsa. Ya jawo aljihun zai ɗauki alli, ya zabura har ya ture kujera ya bugi allo da gwiwar hannu, aji ya kwashe da dariya, kuma yana da ƙarfin zaton cewa wani yaro ya ɗauke shi a waya. A daren bai yi barci ba. Yana tsoron idan ya kai ƙara a ce baƙo ne mai ƙorafi wanda bai san wasa ba, idan kuma ya yi shiru abin ya zama raini. Ni ba malami ba ne, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Tsohon hedimasta, Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaya wa ƙaninka cewa tun ranar sunaye ya kamata ya tsawata, domin a ranar ne yaran suka auna shi suka ga iyakar zurfinsa. Na yi shekara talatin da biyar ina aikin koyarwa tsakanin Daura da Zango da Mai'adua, kuma ban taɓa ganin ajin da ya fara da babban laifi ba. Kullum da ƙarami ake farawa, a saurara a ga abin da malami zai yi. Idan ya yi murmushi, gobe a ƙara kaɗan. Ka duba jerin da ka kawo da kanka: daga suna aka koma harshe, daga harshe aka kai hannu ga tufafinsa, daga tufafi aka kai ga firgita shi. Wannan hawan tsani ne, kuma wanda ya bar yaro ya taka matakala uku bai kamata ya yi mamakin ganinsa a ta huɗu ba.

Hular ce ma ta fi yi mini ciwo. A wurinmu hula mutuncin namiji ce, ko sa'arka ba ya cire maka ita da wasa sai in akwai sabo mai ƙarfi, balle ɗalibinka. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya karanta Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji ya san an hana ɗalibi ya yi tafiya a gaban malaminsa, ko ya zauna a mazauninsa, ko ya fara magana a gabansa ba da izini ba. Mutanen Gambiya mafi yawansu Musulmi ne, suna da makarantun allo da na ilimi kamar yadda muke da su, don haka ban yarda cewa yaran ba su san girman malami ba. Sun sani sarai. Sun ga baƙo ne wanda bai san iyayensu ba, bai san gidajensu ba, ba ya jin abin da suke faɗa a bayansa, shi ya sa suka yi masa abin da ba za su yi wa malami ɗan ƙasa ba. Shawarata ita ce ya rubuta duka huɗun a takarda, da ranakunsu, ya kai wa shugaban makaranta. Kada dai ya ɗaga bulala a ƙasar da bai san dokarta ba.

Ɗalibin jami'a, Dutsin-ma:

Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa zan ce wani abu, kasancewar ban daɗe da barin sakandare ba. Malamin da muke ƙi ba ma yi masa wasa ko kaɗan. Shiru muke yi har ya gama ya fita, ba mai tambaya, ba mai amsawa, kuma ba ma son ya san sunayenmu. Wanda muke yi wa wasa shi ne wanda muke jin daɗin shigowarsa. Yaron da ya tsaya ya karya hula daidai yadda malaminsa ke karyawa, ya daɗe yana kallon malamin nan da idon sha'awa.

Malamin kwaleji mai ritaya, Rafindadi, Katsina:

Na gode wa mai tambaya, domin maganar ta mayar da ni shekarun baya. Ni ma na yi wannan aiki na shekara biyu, a ƙasar Habasha, kuma ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Hedimasta ba tare da na ture shi gaba ɗaya ba.

Habashawa suna da nasu lissafin lokaci. Suna fara ƙirga sa'o'in yini daga wayewar gari, ta yadda ƙarfe bakwai na safe a wurinmu shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, ƙarfe takwas kuma ƙarfe biyu. Kalandarsu wata goma sha uku ce, sabuwar shekararsu tana kamawa a watan Satumba, kuma lissafin shekarunsu yana bayan namu da bakwai ko takwas. A watana na biyu na sanar da ɗalibai cewa za mu yi gwaji ranar Alhamis da ƙarfe biyu, ina nufin na rana, kuma sun fahimci nufina sarai domin duk darussanmu da lissafin da na saba muke yinsu. Ranar Alhamis na shiga aji da ƙarfe biyu na rana, na tarar ba kowa, sai takarda a kan tebur ɗauke da sa hannun kowa da kowa, suna shaida cewa sun zo ƙarfe biyu, wato takwas na safe, sun jira malam bai zo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a wannan yammacin. Wani abokin aiki ɗan ƙasar, dattijo, shi ya zaunar da ni ya ce kusan duk malamin da ya zo daga waje sai an yi masa wannan, kuma yaran suna jira ne su ga ko zan koyi lissafinsu ko zan ci gaba da zama kamar ba a ƙasarsu nake ba. Washegari na rubuta lokacin gwajin a allo da lissafin biyu, na faɗi na Habasha da harshen Amhara gwargwadon yadda bakina ya iya, na kuma sanar da su cewa gwajin ya ƙaru da tambaya biyar saboda ranar da aka ɓata. Suka yi tafi, suka rubuta gwajin, ba a sake yi ba.

Abin da na fahimta shi ne, malami baƙo yana shiga aji da ƙarfi iri ɗaya da rauni iri ɗaya. Ya fi yaran sanin darasi, su kuma sun fi shi sanin komai na wajen darasi: harshe, hanya, farashin kaya, wanda ake gaisarwa da wanda ake rusuna wa. A gida malami ya fi ɗalibi ta kowace fuska, amma a baƙon wuri yaro ɗan shekara goma sha shida yana da abin da zai koya wa mai digiri biyu, kuma ya san da haka. Yawancin wasannin nan hanya ce ta nuna wa malami wannan gaskiyar. Wasan sunaye da wasan gaisuwa duk daga nan suka fito, kuma dukansu sun ƙare da alheri, tun da na biyun har abinci ya jawo masa da sabo da shugabansa. Na macijin kuwa daban yake, kuma ban sa shi a layi ɗaya da sauran ba. Babu abin da ya koya wa malamin game da Gambiya, ya ji ciwo a gwiwar hannu, kuma shi kaɗai ne a ɗakin bai yi dariya ba.

Limami kuma malamin Islamiyya, Unguwar Alƙali:

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tun da an ambaci addini, ya kamata a kawo shi ta fuskokinsa biyu, kada a ɗauki rabi a bar rabi.

Ta fuskar ɗalibai, abubuwan da suka yi kowanne akwai hani a kansa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai wani ya yi barci, wani ya je ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya farka a firgice, sai Annabi ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Wannan ya hau kan macijin roba kai tsaye, domin da wasa aka ɗauki igiyar, amma ba a karɓi wasan a matsayin uzuri ba. Haka nan an hana mutum ya ɗauki kayan ɗan'uwansa da wasa ko da gaske, an ce wanda ya ɗauki sandar ɗan'uwansa ya mayar masa, kuma hula ba ta gaza sanda ba. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani ga wanda ke yin ƙarya domin ya ba mutane dariya. Idan aka ɗauki hoton firgitar mutum aka yaɗa domin a yi masa dariya, to an shiga abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana na yi wa juna izgili.

Ta fuskar malami kuwa, hukuncin abu daban, yadda ake tarbiyyar wanda ya aikata shi daban. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Muslim ya ruwaito cewa wata rana ya aike shi, sai ya tsaya wurin yara masu wasa a kasuwa, Annabi ya zo ta bayansa ya riƙe ƙeyarsa yana dariya, ya tambaye shi ko ya je inda aka aike shi. A cikin sahabbai ma akwai Nu'aiman, wanda aka sani da barkwanci, har ya taɓa kawo wa Annabi kyautar abin da bai biya kuɗinsa ba, daga baya ya jawo mai kayan ya ce ga wanda zai biya, Annabi ya yi dariya ya sa aka biya. Saboda haka ƙaninka yana da haƙƙin ya nuna musu kuskurensu, kuma wajibi ne ma a kansa tun da tarbiyyarsu amana ce a hannunsa, amma ba dole ne ya tattara laifin wata biyar ya kai su gaban hukuma a rana ɗaya ba, musamman abubuwan da ya riga ya yi dariyarsu a gabansu. Abin da mutum ya yafe da fuskarsa, bai dace ya dawo ya tuhumi mai shi da takarda ba.

Tsohon hedimasta, Daura:

Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan maganar ƙarshe. Idan har ya yi dariya a gabansu, to rubuta su yanzu zai zama kamar yaudara. Amma ina nan a kan bakana cewa dariyar ce kuskuren farko.

Malama mai koyar da Hausa, Sabuwar Unguwa:

Ina yi wa iyayenmu sallama. Ina ganin akwai wani ɓangare na al'ada da zai taimaka. Mu Katsinawa muna da wasa da Nufawa, Fulani suna da shi da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, ga na taubasai, ga na jika da kaka. A maƙwabciyarmu Nijar abin ya yi ƙarfin da har UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2014. A yankin Senegal da Gambiya ma haka abin yake, akwai irin wannan wasa tsakanin ƙabilar Serer da Fulani, da tsakanin Serer da ƙabilar Jola, har da tsakanin masu wasu sunayen dangi. Yaran da ƙaninka ke koyarwa sun tashi suna ganin manya suna tsokanar juna a kan cin abinci da ragwanci ba tare da kowa ya yi fushi ba, kuma sun ga cewa da tsokana ake jawo na nesa a mayar da shi na gida. Ba mamaki abin da suka nufa da shi ke nan da farko.

Sai dai wasan barkwanci yana da ƙa'ida, kuma a nan nake tare da Baba Hedimasta. Ana yin sa ne tsakanin waɗanda al'ada ta ba izini, ɓangarorin biyu kuma kowa yana da damar ramawa. Banufe ya tsokane ni, in rama, mu rabu muna dariya. Ɗa ba ya wasa da uba, ɗalibi ba ya wasa da malaminsa, domin malami ba shi da halin ramawa da irin abin da aka yi masa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Kuma ko tsakanin abokan wasa, a fili ake yi, fuska da fuska. Ba a taɓa sanin barkwancin da ake naɗewa a waya a aika wa waɗanda ba su wurin ba. A matsayina na wadda ta yi shekara goma sha tara tana koyar da 'yan mata, hoton nan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin dariyar aji tana ƙarewa da an buga ƙararrawa, amma abin da ya shiga WhatsApp yana iya riga mutum isa garin da bai taɓa zuwa ba, har ya iso Katsina 'ya'yansa su gani. Wannan kam kada ya kwana bai sanar da malamin da ke kula da ajin ba.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura:

Ni ba malami ba ne, kuma na daɗe ina karanta wannan zaure ban taɓa rubutu ba, amma yau dole in yi magana, domin ni ina cikin yaran da ake magana a kansu, sai dai shekara arba'in da wani abu da suka wuce.

Matasan yanzu ba su san cewa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, makarantunmu na kwana cike suke da malamai baƙi ba. Akwai Indiyawa da 'yan Pakistan masu koyar da lissafi da kimiyya, akwai 'yan Ghana masu koyar da Turanci, akwai Misirawa masu koyar da Larabci. Garin nan ma tun asali ya ci moriyar malami baƙo, tun daga Shehu Maghili da ya zauna ya karantar a ƙarshen ƙarni na 15, har zuwa Kwalejin Katsina ta 1921 da ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Mun yi wa malaman nan wasa iri-iri. Wani Ba'indiye mai koya mana lissafi ya tambaye mu yadda ake ciniki, muka ce masa idan ya taya kaya mai kaya ya ce "albarka", to ya sallama ke nan. Ya je kasuwa ya taya tumatir, mai tumatir ya ce albarka, ya ajiye kuɗi ya ɗauki kwando ya kama hanya, mai tumatir ya biyo shi yana kira. Da ya dawo ya ba mu labari da kansa yana dariya har da hawaye, kuma daga ranar duk wanda ya ba da amsar da ba daidai ba a aji sai ya dube shi ya ce "albarka". Wannan ban taɓa nadamarsa ba.

Wanda nake nadama shi ne na malaminmu na Turanci, mutumin Ghana, mai haƙuri, wanda yake sayen littattafai da kuɗinsa yana ba mu aro. Mu huɗu muka samo ƙarara a bakin rafi muka barbaɗa a kujerarsa da kan teburinsa. Duk wanda ƙarara ta taɓa ya san irin ƙaiƙayinta. Ya yi ƙoƙarin ci gaba da darasi yana susa, aji yana ƙyalƙyala dariya, daga ƙarshe ya ajiye alli ya fita. Washegari ya shigo hannuwansa duk sun yi ja, bai tambayi wanda ya yi ba, bai kai ƙara ba, amma daga ranar bai sake kawo littafi ko ɗaya ba, ya koma yana koyar da abin da ke cikin manhaja ya fita. Mun yi ta cewa za mu je gidansa mu ba shi haƙuri, kunya da tsoro suna hana mu. A farkon 1983, da gwamnatin Shehu Shagari ta ba da umurnin baƙin da ba su da cikakkun takardu su bar ƙasa, ya bi sahun ɗimbin 'yan ƙasarsa ya tafi, muka wayi gari gidansa a kulle. Har yau abin yana raina, kuma biyu daga cikin mu huɗun sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da nake so ƙaninka ya sani shi ne, shirun malaminmu bai amfane mu ba. Da ya tsayar da mu ya ce abin ya yi masa ciwo, da mun sami ƙofar ba da haƙuri, da shi ma bai janye alherinsa daga yara arba'in saboda laifin huɗu ba. Ka ce masa ya faɗa musu a fili cewa bai yi barci ba a daren. Yaro ba ya sanin nauyin abin da ya yi sai an gaya masa.

Malamin kwaleji mai ritaya, Rafindadi, Katsina:

Alhaji, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma yafe mana gaba ɗaya. Labarinka ya fi duk abin da na rubuta amfani. Abin da zan ƙara kawai shi ne, kewar gida tana ninka wa mutum zafin irin wannan abu. A Katsina malami zai tashi daga makaranta ya je majalisa ya ba abokai labari, kafin magariba abin ya wuce. A can ɗaki zai koma shi kaɗai ya yi ta juya maganar. Mai tambaya, ka yawaita kiransa a 'yan kwanakin nan, ka kuma ce ya nemi dattijo ɗaya cikin malaman makarantar ya riƙe shi uba.

Mai tambaya, Ƙofar Marusa, Katsina:

Iyayena da 'yan'uwa, na gode, Allah ya saka da alheri. Na tura masa duk abin da aka rubuta ranar Lahadi, jiya da daddare kuma muka yi doguwar waya, ga yadda ta kasance.

Ranar Litinin da safe ya sami malamar da ke kula da ajin ya gaya mata maganar maciji da hoton kaɗai. Suka shiga ajin tare. Ya tsaya ya ce musu wasan sunaye da na gaisuwa sun ba shi dariya kuma bai riƙe kowa ba, hula kuwa a garinsu ba a taɓa ta babba, bai faɗa musu ba ne a lokacin shi ya sa ba zai hukunta kowa a kanta ba, amma kada a sake. Sa'an nan ya nuna musu gwiwar hannunsa, ya ce ya taso a wurin da saran maciji ke kashe mutane a gona, kuma daren ranar bai runtsa ba. Ya ce ajin ya yi tsit har ana jin motsin ajin maƙwabta. Yara biyu suka miƙe da kansu, wanda ya kawo macijin da wanda ya ɗauki hoton. Yaron ya rantse bai tura wa kowa ba, malamar ta karɓi wayar ta duba, aka goge a gabanta, ta kuma riƙe wayar sai mahaifinsa ya zo, tun da shigowa da ita aji ma laifi ne a makarantar. Su biyun an sa su share ɗakin gwaje-gwaje na mako biyu.

Abu ɗaya ne na san Baba Hedimasta ba zai so ba. Ranar Talata ƙanin nawa ya ɗauko wata tsohuwar hularsa da ta koɗe, ya kafa wa ƙwarangwal ɗin da hannunsa, ya ce daga yau wannan ce rabonsa, ta kansa kuma ta fi ƙarfin kowa. Macijin robar ma ya karɓe, ya ce da shi zai koyar da darasin dabbobi masu rarrafe.

Tsohon hedimasta, Daura:

Ɗana, gaskiya ne ban so ba, domin ni da ni ne ba zan bar abin da zai riƙa tuna wa yara ranar da suka yi nasara a kaina ba. Amma shi ne a wurin, shi ke ganin fuskokinsu. Ka ce masa ya tabbata ya gana da mahaifin yaron nan idan ya zo karɓar waya, ya gaishe shi da harshensu, kuma a wannan karon malamar ce za ta koya masa gaisuwar.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura:

Alhamdu lillahi da yaran nan biyu suka sami damar miƙewa. Ina roƙon zaure, idan akwai mai zuwa Kumasi fatauci, ko mai dangi a Zangon Kumasi ko a unguwar Nima ta Accra inda Hausawa suke da yawa, ya yi mini magana ta akwatin sirri. Ina riƙe da sunan malamin namu da sunan garin da ya ce mana ya fito, kuma na yi magana da ɗayan abokin nawa da ya rage, yana Funtuwa, ya ce idan aka samo shi ko iyalinsa tare za mu tafi.